Zabirar Babana

Malama Habsu, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke raina ya hana ni jin daɗin abinci.

Ni mutumin Gwashi ne, amma shekarata ashirin da biyu a Gummi. Daga aji uku na sakandare na fito, na yi dako a kasuwa, na koma awon gero da wake. Yau ina da sito biyu da mota, na je Makka da gumina. Ban da Allah babu wanda ya ɗaga ni. A Gummi Alhaji ake ce mini, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa mahaifina Barau wanzami ne ba.

Ya rasu kwanan baya. Ranar sadakar arba'in na ɗauki abokan kasuwancina huɗu muka tafi. Ana shafa fatiha sai dattawan gidanmu suka ɗauko zabirarsa suka aza mini bisa cinya, wai babban ɗa ke karɓa. A gaban baƙina fa! Fatar zabirar ta yi baƙi ƙirin da maiƙo, ga ƙahonin da ya shekara yana zuƙar jinin mutane da su a ciki, warin nan da na tsana tun ina yaro ya daki hancina. Na ture zabirar, asake suka watse a ƙasa, na zagaya bayan gida na yi amai.

Tun ranar Inna ta daina karɓar hatsina, an maido mini buhu biyu. Ta aiko ƙanena Faruku cewa in ban zo na ɗauki zabirar kafin babbar sallah ba, in daina ce mata Inna. Ɗaya daga cikin abokan nan kuwa da ya hango ni sai ya hau shafa gemu yana murmushi. Shekaranjiya na kama kaina ina wasa wuƙa a tafin hannu, sak yadda Baba ke wasa aska, har hannun nawa ya ba ni ƙyama. To ni wane ne, Malama? Wanda na gina, ko wanda suke son su maida ni?

Mai Sito Biyu, Gummi

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka. Guminka gaskiya ne, kuma dattawa sun yi kuskure da ba su shawarce ka a keɓe ba. Babu mai tilasta maka yin ƙaho.

Amma kai ma ka yi ɓarna. Abin da ka ture, da shi aka ciyar da kai har ka yi ƙarfin dako. Inna ba sana'a take karewa ba, mijinta ta ga an jefar a ƙasa gaban jama'a.

Mutum yakan san kansa ta wajen abin da ya yi, da inda ya fito, da yadda ake kallonsa. Kai ka riƙe na farko, ka binne na biyu, shi ya sa murmushin mutum ɗaya ke girgiza ka. Wanda ke faɗin asalinsa da bakinsa, ba a samun abin tsokanarsa da shi.

Kada ka jira sallah. Ka tafi Gwashi makon nan kai kaɗai, ka durƙusa ka roƙi Inna gafara. Ka ɗauki zabirar da hannu biyu. Sannan ka nemi izinin dattawa ka damƙa aikin ga wanda ya iya kuma yake so a cikin dangi, ka saya masa sababbin asake. Warin zai dame ka, ka daure, na minti biyar ne. Fushin uwa ya fi shi daɗewa.

Allah ya huci zuciyarta, ya ba ka natsuwa da kanka.

Malama Habsu