In Na Faɗi Sunan Karas, Abla Ni'imat Za A Kora

Ustaza Widad, don girman Allah ki ba ni shawara. Kaina ya kulle, ga shi ranar Talata ake jira na a gaban kwamitin lafiya na majalisa.

Ni nas ce, ko in ce tsohuwar nas. Na yi shekaru a ɗakin bakwaini na wani asibiti kudu da Asyut. Ba jarirai na gaji da su ba, na gaji ne da ganin mace ɗaya tana tsere tsakanin kwalabe goma sha biyu. Shi ya sa na dawo Alƙahira na shiga wata ƙungiya mai fafutukar a yi dokar da za ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ɗora wa nas guda. Mun sha yawo ofis-ofis, a ba mu shayi a sallame mu. Sai yanzu ƙudurin ya kai kwamiti, kuma ni aka zaɓa in yi magana.

A hutun Sallar da ta wuce wani jariri mai suna Karas ya rasu a tsohon ɗakina. Nas ɗaya ce a bakin aiki, tana can tana ceto wani, robar numfashin Karas ta zame. Iyayensa sun shekara tara suna neman haihuwa. Ubansa, Amm Romani, direban keken haya na tuktuk, ya hau jirgin ƙasa har ofishinmu. Ya kira ni yadda ake kiran nas a can, ya ce, "Ya Mis, ba diyya nake so ba. Ki faɗi sunan ɗana a gabansu." Shugabanmu Dakta Hazim kuwa ya ce alƙaluma ba sa motsa ɗan majalisa, labarin Karas ne zai wuce da dokar.

To, shugabar wannan ɗakin ita ce Abla Ni'imat. Ita ta koya mini neman jijiya a hannun da bai kai ɗan yatsana ba. Da mahaifiyata ta rasu ita ta yi mata wanka. Saura mata 'yan watanni ta yi ritaya. Ta kira ni a waya ta ce, "Kin tafi Alƙahira kin sa takalmi mai tsini kin bar mu da kashin jarirai, yanzu kuma mahauta za ki kai mu? Kin san ba daraktan asibiti za a taɓa ba." Kuma gaskiya ta faɗa. Ta yi ta roƙon ƙarin ma'aikata har ana ce mata sarkin ƙorafi, amma in bincike ya zo, ita da yarinyar nas ɗin da ke aiki ranar za a miƙa.

Mijina ya ce in ce ba ni da lafiya, ko ma in ajiye aikin gaba ɗaya. In na yi shiru na ci amanar Amm Romani, in na yi magana na tozarta matar da ta raine ni. Ya zan yi?

'Yarki mai farin kaya a da, Alƙahira

*

'Yata, ki ɗan numfasa. Ƙaryar ciwo ba mafita ba ce, don haka mu ajiye shawarar maigida gefe, ko da yake tausayinki ne ya sa ya faɗa.

Tsoron Abla Ni'imat ba son kai ba ne. Ta san inda igiya take tsinkewa. Maganar takalmi kuma kada ki riƙe ta, mai jin tsoro ba ya tauna magana. Amma shirunki ba zai kare ta ba. Uban da ya taso daga Sa'id, can kudancin ƙasa, har Alƙahira ba zai koma gida ya zauna ba. In ba ke kika ba da labarin ba, wani ɗan jarida zai bayar, shi kuwa bai san sau nawa ta roƙi ƙarin hannu ba.

Ki hau jirgi gobe ki same ta a gidanta, irin wannan ba a yin ta a waya. Ki faɗa mata duk abin da za ki ce. Ki haɗa su, ita da yarinyar nas ɗin, da lauyan ƙungiyar nas-nas kafin Talata, ba bayanta ba. Sannan ki gayyace ta ta zauna kusa da ke. Wuya ne a yi hadaya da matar da kwamiti ya riga ya ji ta bakinta.

In ta ƙi, ki girmama ƙinta. Ki faɗi sunan Karas kamar yadda ubansa ya roƙa, ki bar sunan gari da na asibiti, ki kuma bayyana ƙarara cewa rashin ma'aikata ne ya kashe shi. Ki sanar da Amm Romani wannan tun da wuri. In Dakta Hazim ya matsa sai an tona kowa, ki tuna masa cewa dokar kare nas-nas ba a gina ta a kan korar nas.

Ba zan yi miki alƙawarin Abla za ta yafe nan kusa ba. Tana iya daina ɗaukar wayarki na wani lokaci, kuma zai yi ciwo. Ki jure, ki ci gaba da gaishe ta. Allah ya jiƙan Karas, ya ba iyayensa haƙuri, ya daidaita harshenki ranar Talata.

Widad