Surukina Yana Gasa Tankin Motar Ɗansa

Anti Gulsara, don Allah ki taimake ni da shawara. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ni mai gyaran wutar manyan motoci ce a wani gareji a Karaganda. Mijina, Oljas, direban tirela ne, kuma muna zaune gida ɗaya da iyayensa. Motarsa irin ta yanzu ce, mai ƙaramin tanki na ruwan da ke tace hayaƙi. Ruwan nan sanyi na tsananta yake daskarewa, shi ya sa akwai hita a tankin da kuma jikin bututunsa. Idan hitar ta mutu, kwamfutar motar sai ta rage wa injin ƙarfi, mota ta koma rarrafe.

Tun farkon hunturun nan hitar take mutuwa. Na canza fiyus, ya sake ƙonewa. Na canza hitar kanta. Na sa mita na auna kowace waya, a cikin ɗumin gareji komai lafiya lau, amma da ya hau hanya sai fitilar gargaɗi ta kama. Har na fara zargin hannuna. Watan jiya motar ta yi masa haka a hanyar Jezkazgan, inda babu gida babu bishiya, iska na kaɗa dusar ƙanƙara. Da ta tsaya gaba ɗaya, tayar ajiya ya ƙona ya ji ɗumi kafin wata mota ta zo. Yatsun ƙafarsa biyu har yau ba su dawo daidai ba.

Daga baya na kwanta ƙarƙashin motar ina girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya, idona kan mita. Nan na ga robar da ke naɗe da su ta gasu ta ƙasa, ta bushe. Sanyi na bugunta sai ta tsage, waya ta taɓa ƙarfen mota. Na rasa me ke gasa waya a wurin da babu zafi. Sai wata safiya ina dafa shayi na leƙa taga, na hango Ata, mahaifin mijina, durƙushe cikin ƙanƙara da tsohuwar fitilarsa mai feshin wuta, yana ɗumama gindin tankin. Haka suke yi wa motocinsu a zamaninsa. Tun da ya ajiye tuƙi, wannan ne kaɗai abin da ya rage yana yi wa ɗansa, kuma a ɓoye yake yi.

Anti, kin san matsayin matar ɗa. Ko sunansa ba na kamawa, balle in ce masa ya yi kuskure. Na gaya wa Oljas, ya ce in ƙyale tsoho, in naɗe wayar kawai. Ranar da aka yanka dokin da muke cin namansa duk hunturu, baƙi cike da ɗaki, Ata ya yi dariya ya ce gyaran surukarsa kamar ƙanƙarar bazara yake, ba ya kwana. Na zuba masa shayi, amma maganar ta yi mini ciwo. Ba zolayar ce ta fi damuna ba. Oljas zai sake bin hanyar nan mako mai zuwa. Ina tsoro, kuma na gaji da gyara da rana ana ɓatawa da safe.

Suruka Mai Mita

Ƙanwata,

Da farko, hannunki lafiyarsa ƙalau. Kin gano abin da ya wahalar da ke, ki daina zargin kanki.

Surukinki ba mugu ba ne. Dattijon da zai durƙusa cikin ƙanƙara da sassafe, ƙauna ce ta fito da shi. A zamaninsa wutar nan ta ceci direbobi da yawa, don haka idan kika ce masa ɓarna yake yi, abin da zai ji shi ne rayuwarsa kaf ba ta da amfani. Kunyar da kike ji ma tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma an yi kunya don a zauna lafiya ne, ba don a bar mutum ya daskare a hanya ba.

Wanda na fi ganin laifinsa mijinki ne. Uban nasa ne, yatsun nasa ne, amma ya bar miki ɗaukar kayan. Ki ciro gasasshiyar wayar ki ajiye masa a hannu, ki ce wannan magana tasa ce da mahaifinsa, su biyu, ba gaban baƙi ba. Ki kuma sanar da surukarki mace. Ita ta san ƙofar da ake shiga wa mijinta, kuma babu uwar da za ta ji labarin tayar nan ta yi shiru.

Kada a karɓe fitilar daga hannun Ata a bar shi hannu wofi. A nuna masa cewa motar tana narkar da ruwanta da kanta bayan an tayar da ita, sannan a ba shi wani aikin: duba batir, ko tsayawa ya tabbatar fitilar gargaɗi ta mutu kafin a tashi. Ke kuma kada ki yarda da naɗe-naɗe. Ki canza wayoyin gaba ɗaya, ki gwada su a waje cikin sanyi.

Idan duk an yi wannan kika sake hango wuta ta taga, ki fita ki faɗa masa da bakinki, cikin ladabi, kuma motar kada ta bar ƙofar gida ranar. Zai yi fushi, wataƙila har bazara. Gara ki zuba wa suruki shayi yana ɗaure fuska, da ki zuba wa masu zuwa ta'aziyya.

Allah ya ba ki hutu, ya dawo miki da Oljas lafiya.

Gulsara