Na Yanka Saƙinki, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Zuwaira, autarki, daga nan Agiye. Muna lafiya, sai dai gajiya.

Ba ki ga wannan shekara ba, kuma wani lokacin nakan ce Allah ne ya hutar da ke. Ba a daɗe da sadakar arba'in ɗinki ba aka fara maganar wata cuta wai ita korona. Aka rufe lakol, aka ce mu malamai mu zauna gida. Aka hana taron biki da na suna, har masallatai sai da aka rufe na wani lokaci. Iyakar Najeriya kuwa dama a rufe take. Azumi ya shigo cikin zafin nan da kika sani. Sai in wuni da zane ɗaya a ɗaki, ba inda zan je balle in sake kaya. Akwai ranakun da ko ɗankwali ban ɗaura ba, ni da kike wa faɗan daɗewa gaban madubi.

Kin tuna Halima, ɗiyar Ladi mai ƙosai, wadda ta je Maraɗi ta koyo ɗinki ta dawo ta kafa kekenta a zauren gidansu? Ita ba ta kwaikwayon hotunan da teloli ke liƙawa a bango, daga kanta take fitar da ɗinkinta. Ita ta fara sa wa rigar mata aljihu a unguwarmu, aka yi ta yi mata dariya, daga baya duk malaman lakol muka koma wurinta saboda wurin sa alli da wayar salula. Kin taɓa juya wata rigata da ta ɗinka, kika duba cikin, kika ce, "Yarinyar nan ko inda ido bai kai ba ta gyara."

Tsakiyar azumi na bi ta ƙofar gidansu zan sayo ƙanƙara. Da a ce shekarun baya ne, ba ka samun wurin sa ƙafa a zauren nan saboda kayan salla. Na leƙa na tarar da keken a lulluɓe da tsohon buhu, ita kuma tana tsince wake. Muka gaisa daga nesa, yadda aka ce a riƙa yi. Ta ce mijinta ya tafi ci-rani kudu, hanya ta rufe da shi, aike ya tsaya. Amaren da suka kawo ɗinki sun ɗaga biki, sun karɓe yadinsu. Mai kawo mata atamfa daga Jibiya ya daina zuwa. Can ƙarshe ta ce wani tela daga Gazawa ya zo ya duba keken, zai dawo ranar kasuwa ya biya ya ɗauka. Kanta a sunkuye ta faɗi haka, kuma ba ta roƙe ni komai ba.

Ni dai ban yi niyyar kayan salla ba bana. Wa zai gani? Ko da zan yi, ga dogayen riguna ɗinkakku a kasuwa, sai in ɗauki ɗaya in huta. Yadin kirki ya yi wuya, ɗan wanda ake samu ya fi ƙarfina. Amma na koma gida buhun nan da ke kan keken ya ƙi fita raina. Ba na son in miƙa mata sadaka, na san ba za ta karɓa ba. Aiki take so.

Inna, lokacin da aka raba kayanki, ni da Yaya Sa'a mun ware zane ɗaya ba mu raba ba: baƙin saƙinki mai ratsin fari, wanda Kaka ta kaɗa zarensa, wani masaƙi a Cadakori ya saƙa. Shi kike ɗaurawa duk sunan jikokinki. Muka yarda ya zauna cikin akwatinki a wurina, ba mai taɓawa. Na ciro shi, har yanzu da ƙanshin turarenki. Na ɗora shi a cinya har aka yi la'asar. Ban kira Yaya ba, don na san abin da za ta ce.

Da na kai wa Halima, ƙin ɗaukar almakashi ta yi. Ta ce in koma in sake tunani, irin wannan saƙin ba a ƙara yin shi. Na ce mata na gaji da tunani. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ɗauki kwanaki tana juya shi kafin ta yanka. Ta haɗa shi da wani farin yadi da ya rage mata: saƙin a wuya, da bakin hannu, da ƙasan riga. Ragowar ta linke ta maido mini. Na sallame ta tun kafin ta fara, ita kuma ta aika wa mutumin Gazawa ya dakata.

Ranar salla na sa rigar. Ba yawon gaisuwa kamar da, gidaje kaɗan na shiga na dawo na zauna tsakar gida ni kaɗai, ina shafa wuyan. Ta yi kyau, Inna. Da kin gani da kin juya ta kin duba cikin.

Ungozomar gidan likita ta ga hoton da na ɗauka da rigar a salula, ta kai wa Halima wani tsohon zanen uwarta. Wasu malamai 'yan uwana su ma suka buɗe akwatunansu. Ba wani ciniki ne mai yawa ba, kada in yi miki ƙari. Tana haɗawa da ɗinka takunkumin rufe baki da hanci da guntayen ƙyalle. Keken dai bai tafi Gazawa ba. Ko zai kai kaka a hannunta, Allah ne masani.

Hoton ya kai Gidan Rumji, inda Yaya take. Yaya ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Zuwaira, shi kaɗai ya rage mana yadda ta bar shi." Sai ta kashe wayar. Tun ranar ba ta ɗaukar kirana. Wannan ya fi mini zaman kullen ciwo. Wata rana in tashi in ga ita ke da gaskiya. Wata rana in bi ta ƙofar su Halima in ji ƙarar keke, sai in ga kamar ban yi kuskure ba. Na gaji da auna su biyun.

Shekaranjiya wani direban taksi ya miƙo mini leda daga wurin Yaya. Kuka ce da daddawa, sai wani dogon zare mai ƙulle-ƙulle, ba saƙon baki ko ɗaya. Na warware shi na gane: ƙullin kafaɗa, na hannu, na tsawo, yadda kike aika awonmu wurin tela muna yara. Awon ƙaramar yarinya ne, na ɗiyarta, takwararki. Jiya na kai wa Halima zaren da ragowar saƙin. Yaya har yanzu ba ta ɗauki wayata ba, ni ma ban matsa mata ba.

Ruwa ya sauka, mutane sun fita shuka, ana ta maganar buɗe lakol. Zan koma aji, ko da jikina bai so.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya haɗa ki da Kaka cikin rahama. Allah ya yaye mana wannan cuta, ya dawo da waɗanda hanya ta rufe da su, ya sanyaya zuciyar Yaya da tawa. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zuwaira