Safar Hannun da Ka Aiko wa Sani

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Hajara da yara? Inna lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi.

Safar gola da ka aiko wa ƙanenmu Sani ta iso, ka rubuta "ga golan Yelwa" a kwalin. Ashe ba ka ji ba, tun da ya samu aikin koyarwa a Wara, kulob ɗin Wara yake tsare wa gida. Ran Asabar mu 'yan Yelwa muka tafi can buga wasa da su. Saura minti biyar aka ba mu fanareti, Sani ya cafe da safarka, har yana ɗago mani hannu. Inna kuma ta yanka mashi zabuwa. Ni da nake bin kulob ɗin nan har cikin kwalekwale, ko hula ba ka taɓa aiko mani ba.

Wasa ɗaya ya rage, in aka ci mu mun faɗa rukuni na biyu. Ka sa mu a addu'a, amma ka kira sunan Yelwa ɓaro-ɓaro, kada ita ma ta sauka Wara.

Ka gai da kowa.

Ƙanenka,
Umaru