Wuta-wuta a Gonar Malam Abdulmumini

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

An gama shuka. Masara, kashi goma sha biyu, kowanne da turakunsa da igiya. Huɗu da taki da waken suya a tsakani, huɗu sabon iri, huɗun ƙarshe masarar gari ce zalla, a bar ciyawar wuta-wuta ta ci son ranta. Waɗannan huɗun su ne ma'auni. In babu su, sauran takwas ɗin hira ce kawai.

Shekara sha tara ina koyar da bayoloji a Nguru, yau ga ni a wani ƙauye bayan Dangora ina karɓar umarni ta waya daga mai duba bincikena a jami'a, Dakta Ukasha, wanda ranar da na fara riƙe alli ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Hutun karatuna zai ƙare a Disamba. Damina ɗaya gare ni.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa kwana uku a jere. Ƙasar nan danƙo gare ta, ta cinye mini silifa ɗaya. Tuwon masara jiya, tuwon masara yau. Ina kewar kifin gida har cikin haƙorana.

Iya Baturiya, mai gidan da na sauka, ta leƙo ta same ni cikin takardu. "Malama, wai dariyar ce ba kya yi, ko likita ne ya hana?" Na ce likita ne. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta tafi tana ƙyaƙyatawa.

Lahadi, 27 ga Yuli

'Yata Husna ta kira. Ta ƙona miya, babanta ya cinye bai ce uffan ba. Da ni ce da na ji bayani.

Talata, 12 ga Agusta

Wuta-wuta ta fito! 'Yan tsiraru kore a gindin masara, a huɗun nan. Ban san akwai ranar da zan yi murnar ganin annoba ba.

Malam Abdulmumini, dattijon da ya ara mini gonar, ya daɗe tsaye a kan iyaka. Ya ce, "Malama, ga baƙuwa ta iso." Na ce na gani, Baba. Ya ce a taya ni? Na ce a'a, na gode. Ya buɗe baki zai ƙara, na sunkuya kan littafina. Ba ni da lokacin yin lacca a bakin gona.

Asabar, 16 ga Agusta

Ƙidayar mako na takwas. Gwiwoyina sun ba ni labari. Saura ta mako na goma da ta sha biyu, su ne masu nauyi.

Alhamis, 28 ga Agusta

Kwana uku kacal na yi a jami'a. Kwana uku!

Na sauka daga mota, ko gida ban shiga ba na wuce gona. Fes. Huɗun nan fes, kamar an lashe. Ko tsiro ɗaya babu. Ga tudun toka a gefe, an tattara an ƙone. Har igiyoyina an gyara musu ɗauri, don rashin kunya.

Iya Baturiya ce ta tare ni da fara'a: maƙwabta sun yi mini gayya, mutum goma sha ɗaya, ita ta dama musu kunu. "Mun ce mace ita kaɗai, ga tafiya, ga ciwon gwiwa."

Ban ci abinci ba. In na buɗe baki yau sai an yi shari'a.

Juma'a, 29 ga Agusta

Na buɗe shi. Bayan an sauko daga masallaci na sami Malam Abdulmumini a ƙofar gidansa. Na gaishe shi yadda ya kamata, har ƙasa, sannan na zazzage masa. Wata biyu da 'yan kai na aiki, hutun da ba za a sake ba ni ba, 'ya'yana da na baro. Na ce wa ya aike su.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ni na kira gayyar, kada ki ga laifin kowa. Ranar Talata na ga ta fara fure."

Na ce ai furen nake jira.

Ya ce, "To. Ke in kin gama rubutu za ki koma Nguru. Irin da za ta zubar fa, shi ma Nguru za shi?"

Ya nuna gabas da sandarsa, gonar ƙaninsa ce. Yamma ta marayun Umaru. Ya ce shekara bakwai ya yi yana tuge ta da hannu kafin wannan gonar ta sake ba shi masarar kirki, kuma duk tsawon damina ba wanda na gaya wa da gangan na bar ta.

Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Wannan jimlar tana shafi na biyu na babin farko na kundin bincikena. Ni na rubuta ta. Na ma ja mata layi.

Na ce sai anjima, Baba. Abin da na iya ke nan.

Litinin, 1 ga Satumba

Dakta Ukasha: ƙidaya ɗaya ba ta isa ba, sai an maimaita baɗi. Ya ce, "Hajiya, ba ki yi musu bayani ba ne?" Yaron nan. Kuma ya yi gaskiya, shi ne abin haushin.

Asabar, 6 ga Satumba

Na rubuta takardar neman ƙarin hutu sau huɗu. Ta farkon da an karanta ta da an kore ni.

Baban Husna ya ce, "Kin fara, ki gama." Sannan ya tambayi yadda ake hana miya kamu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Iya Baturiya ta daina shigo mini tun ranar. Yau na ɗauki kujera na zauna kusa da ita tana gyaran wake. Na zana mata kashi goma sha biyun a ƙasa da tsinke. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yo wannan ne abin da ya gagari baki? Ai ko mai koko tana ɗanɗana wanda ba sukari kafin ta san ta zuba daidai."

Da yamma ta jawo Malam Abdulmumini. Ya ce baɗi in ƙirga, in tuge kafin fure ya bushe, in auna abin da na tuge, shi zai tsaya a ƙone. Na ce sai na tambayi Dakta. Na tambaya. Ya ce hakan ma ya fi.

Talata, 30 ga Satumba

An ba ni ƙarin hutun, ba duka ba, daga Yuni zuwa Nuwamba na baɗi. Zai isa in Allah ya kawo ruwa da wuri. Har yanzu ina jin haushi, kada wani ya ɗauka ya wuce.

Gobe Nguru. Ɗazu a hanyar tasha, na je tambayar motar safe, na ga wata wuta-wuta a gonar da ban san mai ita ba, ta yi fure shar a gindin dawa. Sai ganin ta na yi a hannuna, da saiwa da ƙasa. Na waiwaya ko wani ya gan ni.

Ban ko ƙirga ta ba.