Bahon Legas da Wankan Badi'a

Birnin Konni, Litinin

Zuwa ga Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya mutanen Dogarawa? Ni da ɗanki Muttaƙa muna nan, yau kwanansa goma sha ɗaya a duniya.

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya. Tun da Goggo Tsahara ta zo daga Bazaga yi mini wankan jego ba ta matsa daga gefena ba, ko tari na yi sai ta ji dalili. Shi ya sa na ba Baƙo direba wannan ya kawo miki.

Kin ga bahon nan ranar suna, wanda Illo ya ɗauko daga Legas ya gina masa ɗaki. Mutum huɗu za su zauna a ciki, da lantarki yake zafafa ruwansa, yana ɓulɓula kamar tukunyar wake. Ya ce matarsa ba za ta sha hayaƙin icce ba. Ya nuna mana inda ake dannawa, ya hau motar albasa ya yi Lome, ya bar mu da abinsa.

Goggo ta tsoma hannu ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ruwan da hannu ka shiga ba ruwan biƙi ba na." Yanzu garwa biyu take tafasawa a murhu da ganyen dogon yaro, ta juye a kan na bahon. Kuma ba wankan da muka sani ba, da ake tsoma ganye a fyaɗa a jiki. Zaunar da ni take yi a ciki har wuya, ta sa wa ƙofa sakata, safe da yamma. Idan na fito ga kunun kanwa yana jirana.

Yaya, tsoro nake ji. Ƙirjina yana bugawa kamar ana daka, ƙafafuna sun daina shiga takalmi. Jiya ina cikin ruwan na ga fuskar Goggo ta zama biyu. Bahon yana da zurfi da santsi, ita kuwa ko garwar sai ta huta sau biyu take kai ta. In na sulale, wa zai ɗago ni?

Taki,
Badi'a

Dogarawa, Talata

Badi'a,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, kuma ban zauna ba har yanzu.

Kada ki sake shiga bahon nan. Shekara tara ina karɓar haihuwa, na san abin da kumburin ƙafa da bugun ƙirji ke nufi ga maijego: zuciya ce take gajiya. Zafi yana ƙara mata aiki, kanwa tana tara ruwa a jiki. Wanda ya ƙera bahon ya tsaida zafinsa inda jiki zai iya ɗauka, ku kuma kun ƙara masa garwa biyu. Ki je a auna ki gobe, ko da a kan kabu-kabu ne.

Abokiyar aikina ta tafi garin Tawa, ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa har Juma'a, da yanzu ina ƙofarki. Na kira Illo, wayarsa ba ta shiga.

Na san ki, ba ki taɓa ce wa Goggo a'a ba, ni ma sau nawa na iya? Ita ta goya mu. To ki karanta mata wannan, ki ce ni na faɗa, fushin ya zo kaina. In kuma ta fi ƙarfinki, a bar ƙofa a buɗe, ki nuna mata abin da ake ja ruwan ya tsiyaye.

Allah ya tsare mini ke.

Yayarki,
Wasila

Birnin Konni, Laraba

Yaya Wasila,

Ina gaisuwa. Na karanta mata. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta zauna bakin gado. Can ta ce, "Wasila na da shekara shida sa'adda uwarku tar rasu, mi tas sani? Da damina anka haife ki, icce ya jiƙe, na yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Sanyi yas shige ta, ƙahwahunta sunka kumbura, kwana ashirin tat tahi. Ni nac cuce ta. Ba ni cutar ɗiyatta."

Yaya, kin ji? Ƙafafun Inna ma sun kumbura. Tun da ta faɗa ban daina duba nawa ba. Ita kuma ganinsu ne ya sa take ƙara wuta, domin a wurinta sanyi ne ya kama ni. Shekara ashirin da huɗu tana ɗauke da wannan, ga ta tana kuka, ta yaya zan ce mata a'a?

Ta yarda ta rage garwa ɗaya. Asibiti ta ce maijego ba ta fita iska. Sakata kuwa ba ta bari, wai masu kawo ruwa suna shigowa gidan. Na nuna mata abin da ake ja, ta ce ba koyon inji ta zo ba, amma na ga ta kalla.

Yanzu ko kwanciya ba na iyawa sai na jingina da matashi uku, in ba haka ba numfashi ya tsaya mini a wuya. Illo ya kira, gobe zai iso. Wanka biyu ne tsakanina da shi. In wani abu ya faru, ke nake so ki riƙe Muttaƙa.

Ƙanwarki,
Badi'a

Birnin Konni, Alhamis

Wasila,

Illo ne ke rubutu. Na iso da hantsi na tarar da mutane cike da gidana. Goggo ta ce ba ta iya yi miki magana a waya, in rubuta yadda ta faɗa.

"Wasila, ina gaishe ki. Da sahe na sa ta cikin ruwa, tana yi mini magana sai kanta yal lanƙwashe, tan nutse. Na kama ta, na kasa ɗaga ta. Abin nan da tan nuna mini, na ja shi. Na riƙe haɓarta bisa ruwa ina kuwwa, ga sakata na sa da hannuna, sai da anka ɓalle ƙohwa. Ban san baho na daɗewa haka bai tsiyaye ba.

"Tana asibiti, tana numfashi, ta buɗe ido ta tambayi ɗanta. Likita ya ce zuciyatta ta gaji, sai an ga kwana ukku. Na ba shi labarin uwarku, na tambaye shi ko da na ƙara mata wuta da ta tashi. Yac ce a'a, Goggo.

"Na kashe murhu. Ki taho."

Baƙo zai jira ki a tasha gobe da safe. Allah ya kawo ki lafiya.

Illo