Mayafin da Kika Miƙa ta Baya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa gida lafiya. Yaya Sani ya gama ɗaure hatsi. Gero ya yi daidai gwargwado, wake ne bai yi ba. Ni kuma na gama jami'a, na karɓi takardata, ina zaune gida ina jiran aiki. Na san ba ke za ki karanta wannan wasiƙa ba, mutane ne za su karanta. Duk da haka da ke nake magana, domin akwai labarin da kika tafi kina jiran ƙarshensa, kuma ƙarshen ya zo.

Zan bi shi daki-daki, kin san halina. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce faɗa mini aka yi. Ke ce kika fara yi mini dariya a kan haka, kina cewa ni ko tambayata aka yi ko an yi ruwa, sai in ce ni dai ƙasa na gani a jiƙe.

Kin tuna zuwan Baba Gumar, Buzun da ke sauka a gonarmu ta wajen Dogarawa? Kowace kaka, da an kwashe hatsi, sai mu wayi gari da kukan raƙuma. Shi da iyalinsa su kafa bukkokinsu na tabarma a tsakiyar gona, dabbobi su ci kara su bar mana taki. Tun zamanin kakana gidanmu ne masaukinsu. Da mahaifinmu ya rasu mutane suka ɗauka abin ya ƙare, sai kika ce masauki na gida ne, ba na namiji kaɗai ba. Kina aika musu da damin gero, matarsa ta aiko da cuku, ki ɓoye shi a cikin kwalla don kada mu gama da shi a yini ɗaya. Muna gamawa da shi dai.

Shayinsa nake tunawa fiye da komai. Yana zaune a inuwar gawo yana ɗaga buta sama, shayin yana zuba cikin ɗan ƙaramin kofi ba ɗigo ɗaya a ƙasa. Idan zai sha, sai ya cusa kofin ta ƙarƙashin amawali, wato gefen rawanin da ke rufe masa baki da hanci, kofin ya fito babu komai a ciki. Ni da Yaya Sani muka daɗe muna gardama. Shi ya ce tsohon ba shi da haƙora, ni na ce ba za mu iya sani ba tunda ba mu gani ba. Ran da kika kama mu muna leƙe ta ƙasa, kika ja mu da kunne har bakin rumbu.

"Bakin dattijon Buzu ba abin kallo ba ne," kika ce. "Yadda ba ki so a kwance miki zane cikin kasuwa, haka shi ma. Bare gaban mata, bare gaban suruki."

Sai shekarun nan suka zo da zaman lafiya ya fara tangal-tangal a bakin iyaka, shingayen masu kaki suka yawaita a kan hanya. Ban ce bincike ba shi da amfani ba, Inna. Mu ma muna tsoron masu bindiga. Amma kowa ya san yadda abin yake gudana. A tsai da mota, kowa ya miƙa katin ɗan ƙasa, a duba a mayar. Mai rawani kuwa, ko mai jar fata, ko Bafulatanin da aka gani da sandarsa, sai a ce ya sauka, ko da katinsa ya fi na kowa kyau. Direba ya ja motarsa, mu da ke ciki mu sunkuyar da kai, kowa yana godiya a ransa ba shi ba ne.

Ranar da abin ya faru ina hutun lise, wato sakandare, kika ce in raka ki kasuwar Malbaza. A cikin motar akwai Goggo Hajo, ƙawarki mai sayar da gabu, da buhunta mai cika mota da ƙamshin albasa. Baba Gumar yana gaba kusa da direba, surukinsa, mijin ɗiyarsa, yana bayanmu. Ba zan faɗi wane shinge ne ba. Katin Baba Gumar daidai yake, wannan na gani, domin mai kakin ya ɗaga shi a gaban tagata yana juya shi. Ya ce masa ya sauka. Ya sauka. Ya ce masa ya cire rawani. Baba Gumar ya amsa a hankali cewa zai cire, amma su koma bayan rumfa, akwai mata a nan, akwai surukinsa. Mai kakin ya ce a nan zai cire.

Iyakar abin da na gani ke nan. Tafin hannunki ya rufe mini ido, yana warin daddawa, kika jawo kaina kika kwantar a kafaɗarki, na ji jikinki ya juya gaba ɗaya zuwa ɗaya tagar. Bayan haka ne na ji ƙarar mari. Na ji faɗuwar abu mai nauyi a ƙasa. Na ji ana jan yadi, yana kecewa.

"Ku kau da ido, jama'a," kika ce, "ana tsiraita dattijo."

Kika buɗe ƙofa ta ɗaya gefen kika fita da ni, fuskarmu tana kallon daji. Direba yana roƙonki, "Inna, don Allah ki shiga mu tahi, ba ruwanki." Kika ce, "Wanga baƙona na. Motar da ta bar shi ta bar ni." Goggo Hajo ta sauko tana mita wai gabunta zai rasa kasuwa saboda ke, amma ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ke. Sauran matan suka biyo, muka yi layi a tsakanin motar da inda yake, kowa ta ba shi baya. Sannan kika cire mayafinki, koren nan da bakinsa ya koɗe, kika riƙa ja da baya da baya kina miƙa shi ta bayanki, har kika ji an karɓa. A ranar na fara ganin furfura a gefen ɗankwalinki.

Motar ba ta iya tafiya ba fasinja, kuma ta tare hanya. Manyan motocin siminti suka jeru a baya suna ta hon. Da hayaniya ta yi yawa aka ce tsohon ya tafi. Bai koma cikin motar ba. An ce shi da surukinsa daji suka shiga a ƙasa, mayafinki a kansa.

Kakar nan bai zo ba. Wadda ta bi ta ma bai zo ba. Kika aika a tambaye shi laifin da gidanmu ya yi, amsa ta dawo cewa babu laifi, shi ne ba ya iya zama a gaban uwar masaukin da ta ga fuskarsa a wannan hali. Kika aika da rantsuwa cewa ba ki gani ba. Ya ce ya gode, ya san kara kike yi masa. Gona ta fara ramewa, Yaya Sani ya ce a ba wasu makiyaya wurin, kika ce wurin da mai shi. Kowace shekara kina ware daminsa a gefen rumbu. Ina shekara ta biyu a jami'a ciwo ya ɗauke ki, na iso an riga an kai ki. Goggo Hajo ce ta ce mini kin tambaya ko raƙuman sun sauka. Ban ji da kunnena ba, amma na yarda da ita.

Abin da kika fara bai tsaya ba, Inna. Matan motar nan suka mai da shi ɗabi'a, daga motocin garinmu ya kai na Tsarnawa, an ce har wajen Illela ana yi. Ba su da suna, ba su da ofis. In aka sauke mutum ɗaya don rawaninsa ko launin fatarsa, kowa ya sauka, kowa ya juya baya, ba zagi, ba jifa. Direbobi suka yi ta ƙorafi, daga baya wasunsu su ke fara kashe mota. Maza suka shigo, matan Fulani masu ƙwaryar nono suka shigo. An taɓa tsare Goggo Hajo yini guda a rana, ta dawo tana cewa ranar da ta sha a gonar mijinta ta fi wannan zafi, kuma shi ko ruwa bai taɓa miƙo mata ba.

Bana, da damina ta ja baya, aka kira zama a ƙofar gidan mai gari da wasu manyan masu kaki. Matan suka ce ni zan yi magana, tunda ni na yi lakwal, karatun boko, har ƙarshe. Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. Takardun neman aikina suna ofisoshin gwamnati, na riƙa tunanin za a sa wa sunana alama. Abinci ya ƙi shiga. Duk da haka na tafi.

Na ba da labarin kamar yadda na ba ki yanzu. Babban cikinsu ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko da idona na ga an mari tsohon. Na ce na ji, ban gani ba. Ya ce ta yaya, ina wurin? Na ce mahaifiyata ta rufe mini ido, ita kanta ta juya tun kafin a taɓa rawanin, domin kaina yana kafaɗarta lokacin da ta juya. Goggo Hajo ta mintsine ni a cinya har sai da na zabura. "Kai, wagga ɗiya! Mun kawo ki ki yi muna faɗa, kin zo kina auna magana kamar mai saida zinari." Babban ya yi murmushi ya ce to ashe babu wanda ya gani.

Ba a hukunta kowa a kan marin nan ba. Wannan ita ce gaskiya, ba zan yi mata kwalliya ba. Abin da aka samu shi ne an kewaye wani wuri da zana a gefen shingen, duk wanda za a ce ya cire rawani can za a kai shi, kuma mota za ta jira shi. Wani lokaci ana bi, wani lokaci ba a bi. Ba da daɗewa ba na ji an daki wani saurayi Bafulatani a wani shingen. Matan suna nan suna sauka.

Na dawo gida ranar ina kuka, ina ganin na ɓata miki aikinki da wannan hali nawa. Ban san surukin Baba Gumar yana cikin masu tsaye a bayan taron ba.

Shekaranjiya da safe ina wanke-wanke na ji kukan raƙumi. Na ɗauka kunnena ne. Sai ga Yaya Sani da gudu, babban mutum mai iyali, yana haki kamar yaro. Sun sauka, Inna. A inuwar gawon nan.

Baba Gumar ya tsufa ƙwarai, sai da aka kama shi ya sauko daga raƙumi. Ya yi mana ta'aziyya kamar jiya kika rasu, Yaya Sani ya raka shi kabarinki. Da suka dawo ya sa aka kira ni, ya hura gawayi ya ɗora buta. Ya ce surukinsa ya kawo masa abin da na faɗa a gaban manya.

"Uwarki ta rantse, na ce kara ce," in ji shi. "Amma yarinyar da ta ƙi cewa ta gani a inda cewa ta gani zai ba ta nasara, ba za ta yi ƙarya don ta faranta wa tsoho rai ba. Ashe uwar masaukina gaskiya ta faɗa, ni na bar ta tana jira."

Sai ya jawo jakarsa ta fata ya fito da mayafinki a ninke. Koren yana nan, bakin nan da ya koɗe yana nan, yana ƙamshin hayaƙi da ganyen shayi. Ya ce ya so ya ba ki da hannunsa. Ya kai hannu yana jan amawali sama har kusa da idanunsa. Na juya fuskata na kalli karan gona, Inna. Wannan karon ba wanda ya rufe mini ido.

Yaya Sani ya kai masa daminsa. Cukun yana cikin kwallarki, na ɓoye wa jikokinki, amma na ga sun gano wurin. Mayafin kuma na ajiye shi a jakata, da shi nake shiga mota.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika suturta bawanSa a kan titi, Shi ma Ya suturta ki ranar da kowa ke neman sutura. Ya shiryi masu kakinmu, Ya tsare matafiya, masu rawani da marasa rawani. Ya ba ni ko kaɗan daga cikin ƙarfin zuciyarki, domin har yanzu in mota ta rage gudu kusa da shinge gabana faɗuwa yake yi. Amin.

Taki har abada,
ɗiyarki Sa'a